MAYE DA TUƘI BA SU HAƊA HANYA: JAWABIN KWAMITI GA JAMA'AR ZANGO

(Wannan shi ne jawabin da kwamitin ƙungiyarmu ya karanta a taron wata, bayan sallar La'asar. Mun buga shi duka saboda waɗanda su ke kan hanya ran nan, da kuma ƴan'uwanmu mazauna Yamai da Agadas da Kano. Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ranka shi daɗe mai unguwa, Allah ya gafarta malamai, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, shugabannin tasha da ƴan sandika, direbobi da yaran mota, samari masu kabu-kabu da adaidaita, muna yi muku sannu da zuwa. Mun gode da ku ka bar sana'o'inku ku ka amsa kiranmu, Allah ya saka da alheri.

Maganar da ta tara mu yau ba mai daɗin ji ba ce, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A nan Zango da wuya ka shiga lungu ba ka sami gidan da ke ci daga mota ba. Wani direba ne, wani mai mota ne, wani makaniki, wani ɗan kamasho, wata kuwa tuwo ta ke sayarwa a tasha. Wanda ba ya ci daga mota, to, yana shiga cikinta, shi da iyalinsa da dukiyarsa. Saboda haka in mun yi maganar direban da ke tuƙi cikin maye, ba maganar baƙo mu ke yi ba. Maganar ɗanmu ne da ƙanenmu da surukinmu. Ba mu zo kunyata kowa ba, ba kuwa za mu kama sunan kowa ba. Abin da mu ke so shi ne kowa ya san abin da maye ke yi wa mai tuƙi, ya san abin da doka ta tanada, sa'an nan mu ga abin da za mu iya yi da hannunmu.

1. DAGA MADUGU ZUWA DIREBA

Sunan unguwarmu ma ya isa ya tuna mana ko mu su wane ne. Zango wurin saukar ayari ne. Tun zamanin Sarki Tanimu, lokacin da Damagaram ta yi ƙarfi, a nan fatake da Buzaye su ke sauke raƙumansu a wajen ganuwar Birni, masu zuwa daga Agadas da Tarabulus, da masu nufin Kano da Borno. A wancan lokaci ba a ba kowa jagorancin ayari don yana da ƙarfi ko don bakinsa na da kaifi. Madugu sai an san hankalinsa, an san ya san rijiyoyi, an san ba ya barci in jama'a na bukatar idonsa. In ya yi ganganci, ba shi kaɗai zai halaka ba, ayari duka zai tafi.

Turawan Faransa su ka kama garin nan a 1899, ya zama hedkwatar ƙasa har 1926 da aka mai da ita Yamai. Sannu a hankali mota ta karɓi aikin raƙumi. Iyayenmu sun ga zamanin da manyan motoci ke jigilar gyaɗa zuwa Kano. Yau ga mu a mararrabar manyan hanyoyi. Hanya mai lamba 1 ta taso daga Yamai, kusan kilomita 900, ta bi ta Maraɗi da Tasawa da Takeita, ta ratsa mu ta wuce Mirya da Gure har Difa. Hanya mai lamba 11 ta sauko daga Agadas ta Tanut, ta wuce Magarya har iyaka. Daga Takeita kuma wata ta ɓalle ta Matamai zuwa Ɗan Barto, a shiga Daura a kai Kano. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 kan hanyar Tanut, wadda aka gina don ta tace ganga dubu 20 a rana, tankokin mai sun ƙaru a kan waɗannan hanyoyi.

To, direban yau shi ne madugun jiya. Bambancinsu ɗaya: madugu yana da kwanaki na yin shawara, direba kuwa wani lokaci ƙiftawar ido kaɗai gare shi.

2. ABIN DA GIYA KE YI WA MAI TUƘI

Mu fara da lissafi mai sauƙi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a cikin daƙiƙa ɗaya, watau sakan guda. Direba mai cikakken hankali, daga lokacin da ya hangi jaki ko amalanke ko yaro a kan kwalta zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, ya kan ci wajen sakan ɗaya. Ke nan mota ta yi mita 25 kafin birki ya soma kamawa. In maye ya ƙara masa rabin sakan kawai, an ƙara mita 12 da ɗoriya. Wannan ƴar tazara ita ce tsakanin "Allah ya kiyaye" da "Allah ya jiƙansa". In kuwa babbar mota ce mai tan 30 ko 40, abin ya fi haka muni, domin ita ba ta tsayawa inda ƙaramar mota ke tsayawa.

Giya tana rage saurin tunani, tana ƙuntata gani ta yadda mutum ba ya lura da abin da ke fitowa daga gefen hanya, tana sa hasken fitilar mota mai zuwa ya daɗe yana kashe masa ido. Mafi sharrinta shi ne tana sa mutum ya ji ya fi kullum gwaninta. Shi ya sa za ka ji mai sha yana rantsuwa wai in ya ɗan taɓa, hannunsa ya fi zama. Wannan ba shi ke magana ba, giyar ce.

Likitoci suna auna maye da nauyin barasa a cikin jini, watau giram nawa a lita ɗaya. Babbar kwalba ɗaya ta giya, mai santilita 65, tana ɗauke da barasa wajen giram 26. In mutum mai nauyin kilo 65 ya shanye ta cikinsa ba abinci, tana iya kai jininsa wajen 0,5. Hanta ce ke wanke jini, ita kuwa ba ta gaggawa: abin da ta ke iya ragewa a awa ɗaya bai wuce 0,10 zuwa 0,15 ba. Ke nan kwalba ɗaya tana bukatar awa huɗu ko biyar kafin ta fita.

A nan ne da yawa su ke ruɗin kansu. A ce direba ya sauka a wani gari da dare, ya sha kwalba uku, ya kwanta ƙarfe goma sha biyu, ya tashi da asuba ya tada mota. Shi a ganinsa ya wartsake. Amma in aka auna shi, jininsa yana nan wajen 0,5 ko fiye. Goro ba ya fitar da ita, kofi ba ya fitar da ita, shayi mai ɗaci ko wanka da ruwan sanyi ba su fitar da ita. Abin da su ke yi kurum shi ne su buɗe wa mai maye ido. Lokaci kaɗai ke fitar da giya daga jini. Haka kuma ba a cewa burkutu ko ƴar giyar leda ba kome ba ne don ba su cikin kwalba. Jini bai san kwalba ba.

3. ƘWAYA DA RASHIN BARCI

Za a ce da mu, ai mu nan Musulmi ne, masu shan giya kaɗan ne. To, mu gaya wa juna gaskiya. Abin da ya fi cin samarinmu a tasha ba kwalba ba ne, ƙwaya ce. Tiramol, da maganin tari mai kodin, da ƙwayoyin sa barci, da wiwi, da sholisho. Yaro zai ce shi ba ya shan giya, alhali kullum safe sai ya jefa ƙwaya cikin shayi kafin ya hau babur.

Tiramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin su morfin. A asibiti a kan ba da miligiram 50 ko 100, kuma likita ba ya barin mutum ya wuce 400 a yini. Wanda a ke sayarwa a ɓoye kuwa, ƙwaya ɗaya tana kai 200 ko 225 ko 250, ga shi kuwa wasu biyu ko uku su ke haɗiya a tashi ɗaya. Ba ya ƙara ƙarfi, ɓoye gajiya ya ke yi. Yana sa gyangyaɗi da jiri, in ya yi yawa yana sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Ku duba abin da zai faru in wannan ya sami mutum yana riƙe da sitiyari, da fasinja 18 a bayansa. Saboda ɓarnar maganin tari mai kodin ne Nijeriya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018.

Me ke kai direba ga ƙwaya? Yawanci barci ya ke gudu. To, rashin barcin kansa wani maye ne. Masana a ƙasar Ostireliya sun gwada a 1997, su ka tarar mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, aikinsa ya kan lalace kamar na wanda jininsa ke da barasa 0,5. Wanda ya kwana ya yini bai runtsa ba, awa 24, kamar mai 1,0 ya ke. Direban da ya taso daga Yamai da asuba, ya iso nan da dare, aka ce ya juya da sassafe, ko bai sha kome ba yana cikin haɗari. In ya ɗora ƙwaya a kan wannan gajiya, ya haɗa maye biyu.

4. DON ME DOKA TA FI MATSA WA DIREBAN HAYA?

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda mu ke kira OMS, ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Ta ce shi ne ya fi kashe yara da samari masu shekara 5 zuwa 29, kuma in aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara, ko da ya ke motocinmu ba su kai na sauran ba. Shawarar da ta ba ƙasashe ita ce kada a bar kowa ya yi tuƙi in jininsa ya wuce 0,5, direban haya da sabon direba kuwa kada su wuce 0,2.

Ƙasar Norwe ce ta fara kafa irin wannan iyaka a 1936. A 1954 wani Ba'amurke mai suna Robert Borkenstein ya ƙera na'urar da a ke hura wa iska ta nuna barasar da ke jikin mutum. Ingila ta sa ta cikin dokarta a 1967. Tun daga nan gardama ta ƙare tsakanin direba da ɗan sanda, domin na'ura ba ta jin rantsuwa.

A Faransa iyakar kowa 0,5 ce, amma direban bas 0,2 ce tasa. Tun daga watan Satumba na 2015 kuma, dole kowace babbar motar fasinja ta tafiya tsakanin garuruwa ta kasance da wata na'ura: sai direba ya hura, in ta ji barasa ta wuce iyaka, inji ba zai tashi ba. A Amurka, inda a yawancin jihohi iyakar kowa 0,8 ce, ta mai tuƙa babbar mota ko bas 0,4 ce, kuma an hana shi shan kome awa huɗu kafin ya kama aiki. In aka kama shi karo na farko, za a raba shi da tuƙin haya shekara ɗaya. In kaya masu haɗari ya ɗauko, irin man fetur, shekara uku. In ya sake, an raba shi da sana'ar ke nan har ƙarshen ransa, sai fa in jiharsa ta yi masa sassauci bayan shekara goma. Ko a cikin motarsa ta gida aka kama shi, laifin yana bin takardarsa ta aiki.

Waɗannan ƙasashe ba su haramta giya ba, amma sun ga dole su matsa wa direban haya. Dalili uku ne. Na ɗaya, rayukan da ya ɗauka ba nasa ba ne, mutane sun biya kuɗi sun miƙa masa kansu. Na biyu, motarsa ta fi nauyi, ɓarnarta ta fi yawa. Na uku, ya fi kowa daɗewa a kan hanya. Wanda ke son ya san abin da tankar mai ke ɗauke da shi, ya tuna da wadda ta kife ta kama wuta kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayu na 2019, mutum fiye da 55 su ka mutu, da ta garin Majiya a jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda aka rasa fiye da 150. Ba mu kawo waɗannan don mu ɗora wa direbobinsu laifin maye ba. Mun kawo su ne don a gane cewa mai tuƙa irin wannan mota ba shi da damar yin kuskure ko sau ɗaya.

5. DOKAR ƘASARMU DA TA MAƘWABTA

A nan Nijar an kafa sabuwar dokar hanya a watan Nuwamba na 2014, a shekarar nan kuma aka ƙirƙiro hukumar kiyaye haɗurran hanya, ANISER. Doka ta hana tuƙi cikin maye, na giya ne ko na ƙwaya. Hukuncin ya kan zo ta hanya huɗu: tara, da ɗauri a gidan kaso, da karɓe permi na wani lokaci ko soke shi, da tsare mota a furiyar. Mutum na iya haɗuwa da biyu ko uku daga cikinsu a laifi ɗaya. Ku lura, ba sai an yi haɗari ba. Hawa sitiyarin cikin maye shi kansa laifi ne, ko da an sauka lafiya.

In kuwa aka ji wa wani rauni ko aka rasa rai, magana ta koma ga kundin hukunta laifuffuka, wanda tun kafa shi a 1961 ya tanadi ɗauri da tara ga wanda ya kashe mutum ko ya raunata shi ta hanyar ganganci ko sakaci ko ƙin bin doka. Jandarmomi ko ƴan sanda za su zo su auna wuri, su rubuta abin da su ka gani, a tsare direba, a kai shi gaban mai gabatar da ƙara, daga nan sai gaban alƙali. Wanda aka tabbatar yana cikin maye kada ya sa ran sassauci. Wanda ya gudu ya bar mutum kwance ya ƙara wa kansa wani laifi. In kuma aka sami ƙwaya a aljihunsa ko cikin mota, wannan wata shari'a ce dabam a ƙarƙashin dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi.

Masu motoci, ku ma ku saurara. Asiransin da doka ta tilasta, don mutanen da motarka ta cuta aka yi shi, ba ya gyara maka taka motar. Kuma a shari'ar diyya ba a tsayawa kan direba kaɗai, a kan nemi wanda ya ɗauke shi aiki. In takardunku ba su cika ba, ko ka ba da mota ga wanda permi ɗinsa bai dace da ita ba, misali mai B ya tuƙa abin da ke bukatar C ko D, to, ka sa wuyanka cikin igiya da hannunka.

Da yawa daga cikin direbobinmu suna ƙetare iyaka ta Ɗan Barto ko ta Magarya ko Maigatari. Ku sani, da ka ƙetare, dokar can ce a kanka. Nijeriya ta kafa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a 1988. Dokar hukumar ta 2007, yadda aka rubuta ta a shekarar, ta sa wa mai tuƙi cikin maye tarar naira dubu 5, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko duka biyun. Kada ƙanƙantar tarar ta ruɗe ku, ɗaurin ne abin dubawa. Ban da su akwai hukumar NDLEA mai farautar ƙwaya. Har ila yau jihohin Katsina da Jigawa da Kano sun kafa shari'ar Musulunci tun shekara ta 2000, inda shan giya kansa laifi ne ga Musulmi, a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa haddinsa bulala 80 ne. Baƙon da aka tsare a ƙasar da ba tasa ba, mota na tsaye, kaya na lalacewa, ba mai kai masa abinci, shi ya san ma'anar da na sani.

6. HUKUNCIN DA BA YA CIKIN TAKARDA

Tara a kan biya ta, ɗauri ya kan ƙare. Amma akwai hukuncin da alƙali ba ya karantawa. Direban da aka karɓe wa permi, ran nan tukunyar gidansa ta sauka. Matarsa ce za ta sayar da kwanoninta, ƴaƴansa ne za a fitar daga makaranta, tsohonsa ne zai yi ta yawo gidajen mutane yana ba da haƙuri da furfurarsa. In ya fito, wane mai mota zai sake miƙa masa makulli? Mun je gaisuwa gidajen da aka rasa mai gida a kan hanya. Mun kuma je dubiya babban asibitin garin nan, mun ga samari kwance an yanke musu ƙafa. Ba mai son ya zama shi ne sanadi.

Malamanmu suna nan, sun fi mu sani. Allah ya haramta giya a cikin Suratul Ma'ida, malamai kuma sun haɗu a kan cewa duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, ruwa ne ko ƙwaya ko hayaƙi. A Suratun Nisa'i an bayyana abin da ke kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure: diyya ga dangin mamaci, da kaffara, wadda a zamaninmu azumin wata biyu ne a jere. Wannan fa ga mai kuskure ke nan. To, ina ga wanda ya gusar da hankalinsa da gangan, sa'an nan ya ɗauki rayukan mutane? Mu kan ce ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne ba mai wuce ranarsa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa wanke mai ganganci ba, ba a nan ba, ba a Lahira ba. Rubuta "Allah ya kiyaye" a bayan mota ba ya maye gurbin hankali.

7. LAIFIN BA NA DIREBA KAƊAI BA NE

Kafin wannan taro mun zauna da wasu direbobi, su ka gaya mana abin da ya kamata kowa ya ji. Su ka ce, ku na ganin laifinmu, amma wa ke duba abin da a ke ɗora mana? Mai mota ya yanka maka kuɗin da za ka kawo masa kullum, ko an sami fasinja ko ba a samu ba. Ɗan kasuwa yana son kayansa su kwana a Kano. Fasinja da kansa in ka tsaya ka ɗan runtsa, sai ya hau zagi, in kuwa ka taka mota, sai ya ce kai ne direba. Mai shayi ya san abin da ya ke zubawa cikin kofi. Wannan magana tasu gaskiya ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu fasinjoji ma muna da namu. Sau nawa mu ka ji warin giya a bakin direba, ko mu ka ga idonsa ya juye, mu ka yi shiru don kada a ce mun cika fitina, ko don muna saurin cin kasuwar Mirya ran Lahadi? Sau nawa aka kama yaro, maimakon mu bar shi ya ɗanɗana, sai mu ka bi dare muna neman wanda zai sa baki a sake shi? Wanda ka fitar yau da roƙo, in gobe ya taka ɗan wani, kana da kaso cikin alhakin. Mai ba da cin hanci a shingen hanya don a ƙyale mai maye ya wuce, shi ma haka.

8. ABIN DA KWAMITI KE ROƘO

Doka aikin hukuma ne, amma jandarma ba ya kwana a gidajenmu. Mu mu ka san wanda ke sha da wanda ba ya sha. Saboda haka muna gabatar da waɗannan shawarwari, in taro ya yarda a rubuta su:

Na ɗaya, shugabannin tasha su duba direba kafin a yi masa lodi. Wanda aka ga alamar maye gare shi, a tsallake layinsa ran nan, ba tare da tozarta shi ba. In ya sake, a kira uban gidansa da wani babba daga danginsa. In ya yi na uku, sandika ta dakatar da shi.

Na biyu, masu motoci ƴan ƙungiyar nan su yi alkawari: tafiyar da ta kai ta Yamai ko Agadas, ko a sa direba biyu, ko a bar mutum ya yi barcin kirki kafin ya juyo. Kuɗin direba na biyu bai kai kuɗin mota ɗaya da ta kife ba.

Na uku, a hana sayar da ƙwaya a tasha da kewayenta. Mai teburin da aka gargaɗa bai bari ba, a kai maganarsa ga hukuma.

Na huɗu, fasinja ya san yana da ikon ya ce a tsaya ya sauka, kuma in ɗaya ya yi magana sauran su mara masa baya. In haɗari ya auku, lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18.

Na biyar, ƙungiya ba za ta ƙara zuwa roƙo don a saki wanda aka kama yana tuƙi cikin maye ba. Za mu taimaki iyalinsa da abinci gwargwadon hali, amma shi ya fuskanci abin da ya jawo.

Na shida, yaron da ƙwaya ta riga ta kama, kada a kore shi daga gida, kada kuma a ɗaure shi da mari. Ciwo ne, kuma yanke tiramol farat ɗaya yana wahalar da jiki ƙwarai. A kai shi likita, a nema masa wani aiki har ya warke, sa'an nan ya koma mota.

Na bakwai, muna roƙon limamanmu su taɓo wannan magana a huɗuba da wajen karatu, iyayenmu mata kuma su sa ido, domin uwa ce ke fara ganin canji a idon ɗanta.

Ƴan'uwa direbobi, ba mu raina sana'arku ba. Da ku hatsi ke zuwa, da ku maras lafiya ke kai asibiti, da ku ɗalibi ke komawa makaranta. Akwai dattawa a cikin taron nan da su ka yi shekara talatin da ɗoriya a kan sitiyari, tun hanyoyin nan ba kwalta, ba su taɓa taka ko akuya ba, abin shansu ruwa ne da shayi, in barci ya zo su faka su shimfiɗa tabarma. Ku tambaye su, za su gaya muku. Su ne madugan zamaninmu, irinsu mu ke so ƴaƴanmu su zama.

Wanda maganarmu ta ɓata wa rai, ya gafarce mu, ba da nufi ba ne. Wanda ya ke da gyara ko ƙari, ya kawo wa magatakarda kafin taron wata mai zuwa, za mu buga shi a wannan takarda in Allah ya so.

Allah ya jiƙan waɗanda mu ka rasa a kan hanya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ya shiryi zuriyarmu, ya kai kowane matafiyi gidansa lafiya. Allah ya ja zamanin Sarkin Damagaram, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.

Kwamitin Ƙungiya, Zango, Damagaram.